LIKITAN DA YA KE KOYA WA LIKITOCI

Darasinmu na wannan wata a kan wani aiki ne wanda yawancinmu sun taɓa gani da idonsu, amma ba kowa ne ya gane shi ba. Mutum ya kai ɗansa babban asibiti, ya yanki kati, ya jira har layi ya zo kansa. Ya shiga ɗaki ya tarar da likita matashi. Likitan ya yi tambayoyi, ya duba yaro, sa'an nan ya ce, "Baba, ka ɗan jira ni." Ya fita, jim kaɗan ya komo tare da wani wanda ya girme shi, suka sake duban yaron tare, suna magana ƙasa-ƙasa. Sau da yawa uban yaro ya kan fita ransa a ɓace, yana cewa da ɗan koyo aka haɗa shi. To, bari mu bincika wane ne wannan na biyun, mene ne aikinsa, don me kuwa asibiti ya ke biyansa ya zauna yana sauraron wani likita maimakon ya duba nasa marasa lafiya.

Da fari dai, matashin nan ya wuce ɗan makaranta. A Nijeriya sai mutum ya yi shekara 6 a jami'a, ya ci jarrabawa, ya ƙara shekara guda yana zaga sassan asibiti a ƙarƙashin manya, kafin a ba shi cikakken iznin aiki. Wannan duk ya gama. Abin da ya ke nema yanzu ƙwarewa ce cikin fanni guda, shi ya sa a ke kiran irinsa likitoci masu neman ƙwarewa. Wani ya zaɓi fiɗa, wani ido, wani ciwon mata. Wanda mu ke zance a kansa ya zaɓi likitancin iyali, watau ya zama likitan da ba ya zaɓen ciwo, ba ya kuwa zaɓen shekaru. Jariri da kakarsa, mai ciki da mai tari, dukansu wurinsa su ke fara zuwa. Dattijon da ya shigo tare da shi malaminsa ne, shi ma likitan iyali ne wanda ya ƙware tuntuni.

ASALIN ABIN

Kalmar nan "dokta" da mu ke kiran likitoci da ita daga harshen Latin ta fito, ma'anarta ta asali kuwa mai koyarwa ce. Amma shirin da a ke bi yau bai daɗe ƙwarai ba. A shekarar 1889 aka buɗe asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore na Amurka, aka ba wani mutumin Kanada, William Osler, shugabancin likitocinsa. Shi ne ya shirya sababbin likitoci su zauna cikin gidan asibiti dare da rana har shekaru, suna koyo a bakin gadon mai ciwo, ana ƙara musu nauyi kaɗan kaɗan gwargwadon iyawarsu. Daga can shirin ya bazu cikin duniya.

Amfaninsa ya yi yawa, amma ya zo da nasa lahani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasan likitocin Amurka suka dinga rububin fannoni, kowa ya kama gaɓa guda ta jiki, likitan gari mai duba kowa ya yi ta raguwa. A shekarar 1961 wani likita, Kerr White, da abokan aikinsa suka buga wani lissafi wanda ya kamata mu riƙe shi, gama shi ne tushen dukan darasin nan. Suka ce, a ɗauki manya 1,000 cikin gari, a bi su wata guda. Wajen 750 za su ji wani ciwo ko rauni. Wajen 250 za su ga likita. Tara za a kwantar a asibiti. Ɗaya kaɗai za a kai asibitin jami'a. Aka sake irin wannan lissafi a Amurka a shekarar 2001, aka tarar bai sake da yawa ba.

Mu lura da abin da wannan ya nuna. Idan a ɗakunan kwanciya na asibitin jami'a kaɗai a ke koya wa likita, to, mutum ɗayan nan ya sani, bai san sauran ba. Ya iya ciwon da ba a cika gani ba, wanda ya riga ya nuna, aka riga aka ba shi suna. Ranar da aka ajiye shi cikin gari, sai ga mace ta zo ta ce jikinta ne duka ba daɗi, shi ke nan. Ba a koya masa wannan ba.

A shekarar 1966 kwamitoci uku a Amurka suka ba da rahoto, bakinsu ya zo ɗaya: ƙasa tana bukatar likita na kowa, kuma sai an koya masa aikinsa musamman, kamar yadda a ke koya wa mai fiɗa. A 1969 aka karɓi likitancin iyali ya zama fanni na 20 cikin fannonin ƙwarewa na ƙasar, aka yanka masa koyon shekara 3. Yau wuraren koyonsa a Amurka sun fi 700. Shekara guda kafin haka, a 1968, Kanada ta naɗa farfesanta na farko a wannan fanni, Ian McWhinney, wanda ya daɗe yana aikin likitan gari tare da mahaifinsa a Ingila. Malaman farko galibi irinsa ne, mutanen da suka bar ɗakin duba marasa lafiya na gari suka zo su koyar da abin da hannunsu ya saba.

YADDA MALAMIN YA KE AIKI

Maƙeri ya kan fara sa almajirinsa zuga, daga baya ya ba shi guduma. In yaro ya ɓata ƙarfe, sai a mai da shi wuta. Likita mai koyarwa ba shi da wannan sauƙi, gama abin da ke hannun almajirinsa ran mutum ne. Duk da haka tilas ya bar shi ya yi, don ba wanda ya taɓa iya aiki da kallo kaɗai. Nauyi biyu ke nan a wuyansa, suna kuwa ja da juna: mai ciwo ya sami magani daidai yau, almajiri kuma ya iya tsayawa shi kaɗai gobe.

Ga yadda a kan shirya shi. Kowane mai koyo yana da ɗakinsa da nasa marasa lafiya. Malamin yana zaune kusa. Bisa ƙa'idar Amurka, malami guda ba ya lura da fiye da masu koyo huɗu a lokaci ɗaya, kuma a sa'o'in nan ba a sa masa wani aiki. Mai koyo ya duba mutum, ya zo ya ba da labari a taƙaice, su yi shawara. Sabon shiga, malamin ya kan tashi ya duba kowane mutum da kansa. Wanda ya daɗe, a kan saurare shi, a shiga sai inda akwai shakka.

Lokacin shawarar nan kaɗan ne, gama mutane suna jira a waje. A shekarar 1992 waɗansu malaman likitancin iyali a jihar Washington, Jon Neher da abokansa, suka rubuta hanyar da ta bazu ko'ina, wadda malami zai koyar cikin 'yan mintoci. Za mu fi gane ta da misali.

A ce lokacin bazara ne, an kawo yaro ɗan shekara huɗu da zazzaɓi da amai. Mai koyo ya duba, ya sa an gwada jini, an ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ya zo wurin malaminsa ya zayyana labari, ya yi shiru yana jiran a faɗa masa abin yi. Malamin ya riga ya ji abin da bai kwanta masa ba, amsa tana bakinsa. Amma ya haɗiye ta, ya ce, "Likita, kai me ka ke gani?" Wannan shi ne mataki na farko, a sa mai koyo ya tsai da magana tasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zazzaɓin sauro ne, in ba shi magani ya tafi gida." Malam ya ce, "Me ya sa ka ce haka? Akwai wani abin da ka yi tunani ka kawar?" Nan ne a ke gane ko sani ne ko dace. Mai koyo ya ce gwajin jini ya nuna. Malam ya ce, "Ka taɓa wuyansa?" Bai taɓa ba. Suka tashi tare, suka tarar wuyan yaro ya sandare, sai a ɗebi ruwan ƙashin baya a gwada ko sanƙarau ne, a soma allura ba jinkiri.

Sa'an nan, a keɓe, malam ya ba shi ƙa'ida guda wadda zai tafi da ita: a ƙasar da sauro ya yi yawa, yara da yawa suna ɗauke da ƙwayar nan cikin jini ko da wani ciwo ne ya kwantar da su, saboda haka ganinta ba ya rufe bincike. Ya yaba masa abin da ya yi daidai, ya faɗi ko mene ne, a ce yadda ya auna yaron kafin ya lissafa magani. Daga ƙarshe ya gyara kuskuren. Matakai biyar ke nan, ba su kuwa ci lokaci mai yawa ba.

Mu a ganinmu na farkon ya fi sauran wuya. Likitan da ya shekara ashirin yana aiki ya saba ba da amsa, shi ne abincinsa. In ya ce, "Tafi ka taɓa wuya," yaro zai tsira, layi zai yi sauri, kowa zai ga malam gwani ne. Amma bai san inda tunanin almajirinsa ya karkace ba, almajirin ma bai sani ba, gobe da tsakar dare kuwa malam yana gida. Akwai kuma malamin da ya kan yi tambaya domin ya kunyata, a gaban nas da mai jinya. Almajirin irin wannan abu guda ya ke koya, watau ɓoye rashin saninsa, ba kuwa abin da ya fi wannan hatsari a asibiti. In kana so ka san malamin kirki, duba ko yaransa suna iya zuwa su ce masa, "Ban sani ba."

ABIN DA BA YA CIKIN LITTAFI

Ana aika mai koyo ya zaga sassa: wata kaza wurin yara, wata kaza ɗakin haihuwa, wata kaza wurin masu fiɗa, da na masu taɓin hankali. Gwanayen sassan nan suna koya masa da kyau. Me ya rage ke nan wa malamin likitancin iyali? Ya rage masa abin da ba a gani sai an daɗe da mutum.

Dattijo mai hawan jini ya zo, an rubuta masa magani mai kyau bisa ga littafi. Bayan wata uku ya komo jini ya hau fiye da dā. Mai koyo ya ɗauki alƙalami zai ƙara magani na biyu. Malam ya ce, "Ka tambaye shi yaushe ya sha na ƙarshe, nawa kuwa ya saya?" Ashe Baba ya sha na mako biyu, ya ji kansa ya daina ciwo, ya ɗauka ya warke, kuɗin kuwa ya kai na buhun taki. Ba wanda ya gaya masa hawan jini ciwo ne da a kan riƙe, ba a kan kore shi sau ɗaya ba. Maganin da ya fi araha wanda zai sha kullum ya fi mai tsada wanda zai bari. Ko kuwa matar da ta zo sau huɗu da ciwon kai da rashin barci, kowane zuwa likita dabam, kowane ya ba ta maganin zazzaɓi. Wanda ya gan ta dukan sau huɗun ne zai ajiye alƙalami ya ce, "Inna, yaya gida?" Don haka ne a ke ƙoƙari a ba mai koyo mutanensa waɗanda za su riƙa komowa wurinsa har ya gama, ya ga abin da maganinsa ya haifar.

Wani likita mutumin Hangare da ya zauna a Landan, Michael Balint, ya lura da wannan tun cikin shekarun 1950. Ya riƙa tara likitocin gari mako mako, kowa ya kawo labarin mai ciwon da ya dame shi, ba don a nemo sunan ciwo ba, sai don a duba abin da ke tsakanin likitan da mutumin. Ya buga littafi a kan haka a 1957. Koyarwarsa ita ce, likitan kansa magani ne, yana da ma'auni, yana kuwa da illa in an ba da shi ba daidai ba. Har yau wuraren koyo da yawa suna yin irin wannan zama da sunansa. A nan ne matashi ya kan faɗi cewa yana jin haushin mashayin nan mai komowa kullum, ko ya kasa barci tun da jaririn nan ya mutu a hannunsa. Malam ya saurara. Wannan ma koyarwa ce, ko da ya ke ba a rubuta kome a allo ba.

Har wa yau malamin ne mai lura da gajiya. Dā a kan yi alfahari da likitan da ya kwana biyu bai runtsa ba. A shekarar 2003 Amurka ta sa iyaka, kada mai koyo ya wuce awa 80 a mako. Mai karatu ya lissafa da kansa, wannan ya ninka aikin ma'aikacin ofis sau biyu, shi ne kuwa ragin da aka yi.

A ƘASARMU

A shekarar 1979 gwamnatin Nijeriya ta kafa kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa a Legas. A farkon shekarun 1980 aka soma koyar da wannan fanni, da farko da sunan aikin likita na gama-gari, daga baya aka mai da shi likitancin iyali. Da aka nemi inda za a koyar, asibitocin mishan suna cikin na gaba. Dalili a fili ya ke. A can ne likita guda ya kan duba masu zazzaɓi da safe, ya ɗaure karaya da rana, da dare ya yi wa mace fiɗa ya ciro jariri. Irin likitan da a ke so a haifa, ga shi nan yana aiki. Dokta C. A. Pearson, wanda ya daɗe a asibitin Wesley Guild na Ilesha, yana cikin waɗanda suka shirya koyon. Asibitin Baftis na Ogbomosho ya ɗauki masu koyo, haka kuma asibitin Evangel na Jos, wanda mu ke kira Jankwano, wanda aka buɗe a 1959, yanzu kuwa shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Yau manyan asibitocin gwamnati, kamar na koyarwa na Jos da na Aminu Kano, suna da nasu sassan likitancin iyali.

Koyonmu ya fi na Amurka tsawo, ba ya kasa shekara 4, sau da yawa ya kai 6, da jarrabawa mataki mataki, da bincike wanda mai koyo zai rubuta ya kare a gaban manya. Ya kuma fi faɗi wajen aikin hannu, domin wanda za a aika asibitin ƙaramar hukuma ba shi da mai fiɗa a ɗaki na gaba. Saboda haka malaminsa ya kan tsaya gefen teburin fiɗa, ya fara yi almajiri yana taimako, daga baya almajiri ya yi shi yana taimako, har ranar da zai wanke hannu ya tsaya kawai yana kallo, a shirye ya karɓi wuƙa in ta ɓaci. Shi ne mai sa hannu a littafin da a ke lissafa ayyukan mai koyo. Wannan sa hannu ba ƙaramin abu ba ne. Malamin da ya sa hannu don kunya ko don zumunta, ya ce mutum ya iya alhali bai iya ba, mutanen wani ƙauye ne da bai taɓa gani ba za su biya.

Mu masu zuwa asibiti muna da namu rabon. In likita ya ce zai yi shawara da na gaba da shi, ido huɗu ke nan a kan ciwonmu da kuɗin kati guda. Muna da iko mu tambayi sunan babban likitan da ke lura da mu, mu kuma nemi ganinsa in hankalinmu bai kwanta ba. Mu faɗi gaskiyar abin da muka sha kafin mu zo, har da na gargajiya da na kemis, mu kuwa nemi komawa wurin likitan da ya fara ganinmu.

Akwai kuma magana ga waɗanda ekklisiyoyi su kan zaɓa su zauna cikin kwamitin asibitocinsu. Koyarwa tana da tsada, tsadarta kuwa ba ta fitowa a takardar lissafi da sunanta. Likitan da ya zauna da yamma yana sauraron almajirai huɗu bai duba nasa layi ba, kuɗin da zai shigo ta hannunsa bai shigo ba. In kuɗi ya yi wuya, abin da a kan fara ci shi ne wannan lokaci: a ce malam ya kama layi, masu koyo su yi ta kansu, in sun ga abin da ya fi ƙarfinsu su buga waya. Da sunan koyo a ke, amma an mai da su ma'aikata masu araha. Ga shi kuwa likitocinmu suna ta fita zuwa Ingila, da Saudiyya, da Kanada, da Amurka. In matashi ya tafi, an rasa likita guda. In malami ya tafi, an rasa shi tare da dukan waɗanda zai koya wa, kwaleji kuma tana iya janye iznin koyarwa daga asibitin da malamansa suka kasa.

Saboda haka sa'ad da aka karanta rahoton asibiti a taron shekara, aka faɗi yawan gadaje da yawan waɗanda aka duba, wakili ya ɗaga hannu ya ƙara tambaya. Manyan likitoci masu koyarwa nawa ne suka rage, nawa ne suka tafi bana? Masu koyo nawa ne ke ƙarƙashin kowane ɗaya? Akwai ranar da aka keɓe cikin mako domin koyarwa, wadda ba a taɓa ta ko layi ya kai bakin ƙofa? In mai koyo ya kira malaminsa da ƙarfe biyu na dare, gidan malamin yana cikin asibiti, ko sai ya ratso gari?